Yadda Ake Rubuta CV (Takardar Tarihin Karatu da Aiki) na Neman Aikin Daraktan Harkokin Mambobi

Tambayar da aka fi aiko min a 'yan watannin nan ita ce ta masu son neman aikin daraktan harkokin mambobi a ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ƙwararru da na manoma. Damuwarsu kusan iri ɗaya ce: "Ban taɓa riƙe muƙami mai wannan suna ba, to me zan rubuta a CV?" Yawancinsu mutanen nan Gombe ne, wasu kuma daga Bauchi, kuma in ka zauna da su sai ka tarar sun daɗe suna yin aikin. Wani shi ne sakataren kuɗi na ƙungiyar tsofaffin ɗalibansu, wata ita ke riƙe da littafin ƙungiyar mata masu sana'a a unguwarsu, wani kuma shi ya bi ƙauye-ƙauye yana yi wa manoma rajista.

Wanda zai karanta takardarka abu uku yake nema: mutum nawa ka kawo cikin ƙungiya, nawa suka zauna ba su fice ba, nawa ke biyan kuɗin ƙungiya a kan kari. Bayan waɗannan sai riƙon amana, tunda sunayen mutane da lambobin wayarsu da kuɗinsu za a damƙa maka. CV ɗin da bai amsa waɗannan ba, komai kyan Turancinsa, gefe ake ajiye shi.

Abin da za ka tanada

Ka samu kwafin tallan aikin gaba ɗayansa, ba guntun da wani ya tura a WhatsApp ba. Ka haɗa takardun makaranta, da shaidar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da wasiƙun ɗaukar aiki na wuraren da ka yi aiki a baya. Sai littafi da biro na lissafi, da kwamfuta mai Microsoft Word. In babu kwamfuta, Google Docs ko WPS Office a waya sun wadatar, kuma ba a biyan ko sisi, data kawai za ka ci. Ka ware kamar mako guda, domin mataki na 2 yana buƙatar zirga-zirga.

1. Ka san ƙungiyar kafin ka rubuta komai

A talla, wannan aiki yakan zo da suna Membership Director, ko Head of Membership, ko Membership Officer in ƙaramin matsayi ne. Ko da sunan ya zo ɗaya, aikin ya danganta da irin ƙungiyar. A cibiyar ciniki da masana'antu, irin waɗanda ke ƙarƙashin NACCIMA, uwar ƙungiyar cibiyoyin ciniki ta ƙasa, mambobin kamfanoni ne da 'yan kasuwa, kuma dole ka gamsar da mai shago ko mai masana'anta cewa kuɗin da yake biya duk shekara yana dawo masa da amfani. A ƙungiyoyin ƙwararru da na ma'aikata kamar NBA ta lauyoyi, NMA ta likitoci ko NUT ta malamai, sana'a ce ke kawo mambobi, don haka nauyin ya fi karkata ga gyaran rajista, bin kuɗi da kula da walwala. A ƙungiyoyin manoma irin AFAN da RIFAN kuwa, mambobinka suna karkara, da yawa ba su da imel, kuma wanda ya san yadda ake bi ta hannun dagaci da mai unguwa da shugaban reshe ya fi wanda ya iya tsara hotuna a Facebook.

Ka karanta tallan sau biyu, ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da suka maimaita. In sun ambaci sabunta rajista sau uku, to ciwon da ke damunsu ke nan, kuma shi za ka sa gaba.

Hattara: a ƙungiyoyi da yawa wannan kujera ta zaɓe ce, ba ta ɗaukar ma'aikaci ba. Ka duba kundin tsarin mulkin ƙungiyar ko ka tambayi sakatare. In ta zaɓe ce, fom ɗin takara da goyon bayan mambobi ake buƙata, CV rakiya kawai zai yi. Sannan in ba ka san ƙungiyar ba, ka binciki sunanta a shafin intanet na CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ka ga ko tana da rajista.

2. Ka je ka tono alƙalumanka

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan masu nema ke tsallakewa su tafi kai tsaye shagon kwamfuta. Kada ka zauna ka ƙiyasta daga ka. Ka tashi ka je ofishin ƙungiyar da ka yi wa aiki, ka nemi izinin shugaba ko sakatare mai ci, a buɗe maka kabad. Za ka samu katon littafin rajista mai kaurin bango, sunaye da biro kala-kala saboda hannuwan da suka riƙe shi, wasu an soke su an rubuta "ya rasu" ko "ya koma Abuja" a gefe. Za ka samu littattafan rasit da ragowar kwafinsu a maƙale, da littafin bayanan taro, da rahoton da ma'aji ya karanta a babban taron shekara. A cikin waɗannan tarihin aikinka yake.

Ka fitar da yawan mambobi ranar da ka kama aiki da ranar da ka bari. Ka fitar da yawan sababbin da suka shigo a zamaninka, da yawan tsofaffin da suka sabunta rajista, da jimillar kuɗin ƙungiya da aka tara kowace shekara. In ka buɗe rassa, ka ƙirga su da sunan garuruwansu. In ka shirya taruka, ka duba takardar sa hannun mahalarta.

Ga yadda ake lissafin waɗanda suka zauna. A ce a farkon shekara akwai mambobi 400 masu biya. Shekara ta zagayo, 300 daga cikin waɗannan 400 ɗin suka sabunta. Ka raba 300 da 400, ka ninka da 100, ka samu kashi 75 cikin ɗari. Sababbin shiga ba sa cikin wannan lissafi, nasu daban ne. In sababbi 150 suka shigo a shekarar, jimilla ta zama 450, ƙarin 50 ke nan a kan 400, wato ƙungiya ta ƙaru da kashi 12.5.

Ka lura da abin da wannan misali ya nuna. Wanda ya rubuta "na kawo mambobi 150" bai yi ƙarya ba, amma ya ɓoye cewa mutum 100 sun fita ta ɗaya ƙofar. Duk shugaban da ya taɓa riƙe ƙungiya ya san cewa tara sababbi alhali tsofaffi na zurarewa ɗiban ruwa ne da rariya, kuma zai tambaye ka. Ni a ganina alƙaluman waɗanda suka zauna sun fi na sababbi daraja a CV, domin taron buɗe rajista kowa zai iya cika shi, amma sa mutum ya sake ciro kuɗi daga aljihunsa shekara ta biyu sai wanda ya yi masa hidima.

Ka kuma bambance mamban da sunansa ke cikin littafi da mamban da ke biya. Ƙungiya takan yi tutiya da mutum dubu biyu, amma ranar biyan kuɗi ɗari uku ke fitowa. In kai ne ka tace rajista, ka cire mamata da sunayen da aka maimaita har adadin ya ragu, kada ka ji kunyar rubutawa. Aiki ne babba, kuma ƙungiyar da ta san ciwon kanta za ta yaba.

In littattafan sun ɓace, ka nemi bayanan asusun banki ta hannun ma'aji, ko tsofaffin saƙonnin zauren WhatsApp inda aka riƙa sanar da waɗanda suka biya. In adadin bai fito daidai ba, ka rubuta "sama da 200" matuƙar ka tabbata ya haura 200. Ka rage, kada ka ƙara.

Hattara: jimilla kawai za ka kwafa. Kada ka ɗauki hoton shafin da ke da sunaye da lambobin mutane, balle ka liƙa shi a takardar neman aiki a matsayin hujja. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin waɗannan bayanai, kuma mai ɗaukar aiki da ya ga ka yi sakaci da rajistar wasu ba zai ba ka tasa ba. Haka nan in ƙungiyar ba ta son a san kuɗin da ke asusunta, ka faɗi ƙarin da aka samu da kashi cikin ɗari, ka bar adadin nairar.

3. Saman takarda

Cikakken sunanka kamar yadda yake a takardun makaranta, lambar waya ɗaya ko biyu da ake samunka, imel, da garin da kake zaune. Imel ɗin ya zama mai sunanka, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi ba. Addini, ƙabila, yawan iyali, hoto, lambar NIN ko BVN duk ba su da gurbi a nan. Jihar asali da ƙaramar hukuma da ranar haihuwa kuwa sai in tallan ya nema.

4. Layi uku ko huɗu na gabatar da kai

A ƙarƙashin suna ka rubuta gajeren bayani: shekarunka a harkar, irin ƙungiyoyin da ka yi wa aiki, babbar nasararka guda da adadinta, da yankin da ka sani. Misalan da zan kawo da Hausa ne don a ga ginin maganar, amma CV ɗin da Turanci ake rubuta shi. Misali: "Jami'i mai shekara shida a rajista da kula da mambobin ƙungiyoyin manoma a jihar Gombe. Na ɗaga masu sabunta rajista daga kashi 55 zuwa 75 cikin shekara biyu, na buɗe rassa a Kumo da Dukku da Bajoga. Ina jin Hausa da Fulatanci da Turanci."

Hattara: ka guji jimlar nan da masu buga takardu ke da ita a ajiye, mai cewa kai mutum ne mai ƙwazo da gaskiya da ke neman wurin da zai ba da gudummawa. Kwamitin tantancewa ya karanta ta a takardu hamsin kafin taka. Ya fi sauƙi ka rubuta wannan sashe a ƙarshe, bayan ka gama na 5.

5. Tarihin aiki

Ka fara da aikin da kake yi yanzu ko wanda ka bari kwanan nan, ka riƙa komawa baya. Kowane aiki da sunan muƙami, sunan wurin, gari, da wata da shekarar farawa da gamawa. A ƙarƙashinsa layi uku zuwa biyar, kowanne ya faɗi abin da ka yi, yadda ka yi shi, da abin da ya haifar.

Wanda bai iya ba zai rubuta: "Ni ke da alhakin rajistar mambobi." Wannan bayanin kujera ne, duk wanda ya zauna a kanta zai iya faɗa, ko da barci ya yi. Wanda ya iya zai rubuta: "Na mayar da rajistar mambobi 620 daga littafi zuwa Excel, na cire sunaye 80 da aka maimaita." Ko kuma: "Na fara tura saƙon tunatarwa ta waya mako biyu kafin wa'adi, masu biya a kan kari suka tashi daga 140 zuwa 230." Ko: "Na horar da sakatarorin rassa 9 kan cike fom da ba da rasit." Jihar Gombe ƙananan hukumomi 11 gare ta, Bauchi 20. In aikinka ya kai ka bakwai daga cikin 11 ɗin nan, ka faɗa da adadi, domin ƙungiyar jiha tana son wanda ya taka ƙasa daga Nafada zuwa Balanga, ba wanda ya tsaya a cikin gari ba.

To wanda bai taɓa karɓar albashi a ƙungiya ba fa? Ka duba aikinka da idon mai neman mambobi. Ma'aikacin banki da ya buɗe wa 'yan kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe asusu ya kuma bi su har suka ci gaba da ajiya, ya yi aikin kawo mutane da riƙe su. Mai kula da ɗaukar ɗalibai a makarantar kuɗi ya san yawan waɗanda suka shigo da waɗanda iyayensu suka dawo da su zangon gaba. Wanda ya yi wa wata ƙungiyar agaji aikin tattara bayanai a karkara ya san rajista ciki da bai. Waɗannan duk suna shiga, muddin an rubuta su da adadi.

Aikin sa kai kuma a ba shi kan magana nasa, a tsara shi kamar na albashi, da muƙami da shekaru da nasarori. Abin takaici ne ka ga mutum ya riƙe ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe ko ta jami'ar ATBU da ke Bauchi a reshensa shekara huɗu, ko ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, ya jefa ta a layin ƙarshe tare da "karatu da tafiye-tafiye". Ga wannan aiki, wataƙila ita ce hujjarka mafi ƙarfi. Mata musamman na ga suna raina irin wannan hidima. Hajiya, in ke kika riƙe littafin mata ɗari da ashirin kina karɓar zubi duk mako ba a taɓa samun gibi ba, ki rubuta shi a sarari, da lambarsa.

Hattara: in ƙwarewarka daga rajistar jam'iyyar siyasa ta fito, ko ƙungiyar addini ko ta ƙabila, ba laifi ba ne, kuma ba sai ka ɓoye ba. Amma ka tsaya kan aikin da adadinsa, ban da take da kirari. Gombe gida ne na jama'a iri-iri, kuma ƙungiyar da za ta ɗauke ka tana son ɗan Billiri da ɗan Dukku su ji daidai a hannunka. Sannan kada ka ɗauke nasarar kwamiti ka ɗora wa kanka kai kaɗai. In ku biyar kuka yi, ka ce ka jagoranci kwamitin mutum biyar, ko kana cikinsa. Garin nan ƙarami ne, waya ɗaya za a buga a ji gaskiya.

6. Ƙwarewa da harsuna

Ka ambaci kayan aikin da sunansu: Excel ko Google Sheets don rajista, Google Forms ko KoboToolbox don cike fom ta waya, tura saƙon tes ga jama'a da yawa a lokaci guda, karɓar kuɗi ta POS ko Remita ko Paystack, kula da zaurukan WhatsApp, rubuta rahoto da bayanan taro. In ka taɓa aiki da wata manhajar adana bayanan mambobi, ka faɗi sunanta. Harsuna kada a yi wasa da su. Fulatanci, Tangale, Tera, Waja ko Bolanci na iya zama abin da zai raba ka da sauran masu nema, amma ka nuna matakin: wanda kake magana da shi sosai, da wanda kake ji kawai.

Hattara: duk abin da ka rubuta a nan ana iya cewa ka gwada a gabansu. In ba za ka iya tace sunayen waɗanda ba su biya ba a Excel cikin minti biyar ba, ka zauna ka koya kafin ranar, ko ka cire shi.

7. Karatu da shaidar ƙwarewa

Babbar shaida a sama, da sunan makaranta da shekara, sai bautar ƙasa. Firamare ba dole ba ne sai an nema. In kai mamba ne a wata cibiyar ƙwararru kamar NIM ta gudanarwa, ko CIPM ta kula da ma'aikata, ko NIPR ta hulɗa da jama'a, ka sa, amma ka tabbata ka biya kuɗinka na bana. Mai neman kula da mambobi da ake bin sa bashin ƙungiyarsa ya fara da ƙafar hagu. In sunanka ya bambanta tsakanin takardu, ka yi takardar rantsuwa a kotu tun kafin a kira ka.

8. Masu ba da shaida

Mutum biyu ko uku da suka ga aikinka da idonsu. Tsohon shugaban ƙungiyar da ka yi wa sakatare ya fi wani babban mutum da bai san ka ba sai a ɗaurin aure. Kada ka sa dangi. Ka je ko ka kira kafin ka rubuta sunan kowa: "Ranka ya daɗe, ina neman aiki a wuri kaza, na zo neman izini in sa sunanka cikin masu ba da shaida a kaina." In ya amince, ka ba shi kwafin CV ɗin don bakinku ya zo ɗaya, ka kuma tabbatar da lambar da yake ɗauka.

9. Tsari, bugawa da kuɗin da za ka kashe

Shafi biyu na A4 sun isa, ɗaya ma ya wadatar ga mai ƙarancin shekaru a aiki. Rubutu iri ɗaya daga sama har ƙasa, Calibri ko Arial ko Times New Roman, girma 11 ko 12, baƙi a kan fari. Ka bar zane-zane da akwatuna da launuka, domin wasu manyan ƙungiyoyi na amfani da manhajar da ke tace takardu kafin mutum ya gani, kuma irin wannan ado yana rikita ta.

In shagon kwamfuta za ka je, irin waɗanda ke kewayen Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada, shafi-shafi ake caji, kuma kuɗin bugawa daban, na fitarwa a firinta daban. Ku yi ciniki kafin a fara, ka tambaya ko gyara na cikin kuɗin. Fitarwa mai launi ta fi tsada kuma ba ka buƙatarta. Ka tafi da rubutunka a shirye, ka zauna kusa da mai bugawa.

Hattara: wasu masu shago kan buɗe CV ɗin wani su canza suna su ɗora naka a kai, sai ka tarar da lambar wayar baƙo ko ƙwarewar da ba taka ba a ciki. Ka karanta layi-layi kafin ka tashi. Ka karɓi kwafin Word da na PDF a imel ɗinka ko filashi, sannan ka sa a goge naka daga kwamfutarsu a gabanka. Daga nan ka ba wani mai kyan Turanci ya duba maka, musamman sunan ƙungiyar da shekarun aiki.

10. Wasiƙar rakiya da turawa

Wasiƙa shafi ɗaya, zuwa ga wanda tallan ya ambata. Kada ka maimaita CV ɗin. Ka ɗauki matsalar da ka ja wa layi a mataki na 1, ka nuna inda ka taɓa magance irinta, ka faɗi abu ɗaya da za ka fara da shi in an ɗauke ka. In ta imel ce, ka tura PDF mai ɗauke da sunanka da sunan aikin, ka rubuta kan saƙon yadda suka umarta, ka buɗe fayil ɗin a waya ka ga bai wargaje ba. In da hannu za a kai sakatariya, ka sa a ambulan, ka tafi da ƙarin kwafin wasiƙar a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata. Kada ka jira ranar rufewa, wuta ko sabis na iya ba ka kunya.

Hattara: duk wanda ya ce ka tura kuɗin fom ko na tantancewa zuwa asusun wani mutum, ka tsaya, ka je ofishin ƙungiyar da ƙafarka ka tambaya. Kuma fotokwafi ake miƙawa, takardun asali suna hannunka.

In an kira ka ganawa, ka riƙe kwafi uku na CV ɗin, da takardunka na asali a cikin fayil, da littafin da ka yi lissafin mataki na 2 a ciki. Ka sake bin kowane adadi daren ranar, ta yadda in aka ce "wannan kashi 75 ɗin daga ina ka samo shi?" za ka faɗi shekarar, da yawan waɗanda aka fara da su, da yawan waɗanda suka sabunta.